KWANA UKU A AMSTADAM: ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA SANI KAFIN YA BAR IKKO

Da wuya a sami gidan ɗan Arewa a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun wanda ba a san sunan Holan a cikinsa ba. In an tashi haɗa lefe, atamfa 'yar Holan ce ake fara shimfiɗawa a akwati. In an je teburin mai shayi da safe, madarar gwangwani ta Peak, wadda asalinta daga can ne, ita ake hudawa. Dattawa kuma ba su manta da jirgin KLM ba, wanda ya fara sauka Kano tun cikin shekarun 1940, bai daina ba sai a 2012. Amma duk da wannan tsohuwar sanayya, kaɗan ne suka taɓa taka ƙasar da ƙafarsu.

Ga mazaunin Kudu kuwa hanyar ba ta da nisa. Jirgi yakan tashi daga filin Murtala Muhammed da ke Ikeja da dare, ya sauka Amstadam da sassafe, tafiyar da ba ta wuce awa bakwai ba. Akwai ɗan kasuwa mai son ganin inda hajarsa take fitowa, akwai ma'aikacin da aka tura taro ko kwas ya sami rarar kwana biyu ko uku, akwai kuma mai neman hutu kawai. Dukkansu abu guda ne ke gabansu: kuɗin tafiyar masu yawa ne, kwanakin kaɗan ne, saboda haka wanda bai shirya tun daga gida ba zai ƙare hutunsa a kan layi, ko kuma ya yi asarar kuɗinsa tun bai bar Ikko ba.

WANE IRIN GARI NE?

Amstadam ita ce babban birnin ƙasar bisa tsarin mulki, amma gwamnati da majalisa da ofisoshin jakadu suna wani gari dabam da ake kira Heg, wanda a allunan hanya ake rubuta shi Den Haag, tafiyar kamar minti 50 a jirgin ƙasa. Sunan birnin ya samo asali ne daga wata madatsa da masunta suka yi a kan kogin Amstel. Takarda mafi tsufa da ta ambaci garin an rubuta ta a 1275, shi ya sa a 2025 mutanensa suka yi bikin cika shekara 750. Yawan jama'arsa ya haura 900,000, watau bai kama ƙafar Ikko ba, kuma tsakiyarsa ana iya ratsa ta a ƙasa cikin awa guda.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne ruwa. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da bakin teku, ganuwa da injinan zuƙe ruwa ne suke tsare shi. Shi kansa birnin a kan fadama aka gina shi, sai an kafa dogayen turaku har sun tarar da ƙasa mai ƙarfi kana a ɗora gini. Fadar sarki da ke dandalin Dam tana zaune a kan turakun itace 13,659. Hanyoyin ruwan da aka haƙa a cikin gari sun fi kilomita 100, da gadoji fiye da 1,200. Manya uku daga cikinsu, watau Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, an haƙa su ne a ƙarni na 17, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya.

TAKARDU TUKUNA

A nan ne yawancin tafiye-tafiye suke mutuwa. Mai fasfon Nijeriya yana bukatar bizar Shengen, wadda take ba da izinin zama har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Tun daga watan Yuni na 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu, kuma in an hana mutum ba a mayar masa da ko kwabo. A 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya da suka nemi wannan biza ba su samu ba.

Ana iya nema tun saura wata shida a tashi, kuma bai kamata a bari sai kwanaki sun ƙure ba. Lalle ne fasfo ya zama yana da sauran wata uku bayan ranar da mutum zai baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Ana bukatar inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta iya biyan yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar wurin zama a jirgi zuwa da dawowa, da takardar banki. Abin da ma'aikatan biza suka fi dubawa shi ne ko mutum yana da abin da zai dawo da shi gida: aiki, ko shago mai rajista, ko iyali. Wannan yakan ba 'yan kasuwar Arewa wahala, domin da yawa cinikinsu hannu da hannu ne, ba ya bi ta banki. Wanda ya san yana da niyyar tafiya, to ya fara zuba cinikinsa a banki tun da watanni. Kuɗin da aka ranto aka jibga a asusu ana saura mako guda ba ya ruɗin kowa, sai ma ya jawo zargi.

Haka kuma a yi hankali da 'yan ka-yi-na-yi masu cewa sun san wani a ciki. Takardar jabu guda ɗaya tana iya ɓata wa mutum suna a dukan ƙasashen Shengen. Kuma mutum ya faɗi gaskiyar abin da zai kai shi. In kasuwanci ne ya ce kasuwanci, in yawon buɗe ido ne ya ce haka. Kada a biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa sai biza ta fito.

YAUSHE YA FI DACEWA?

Daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu lokacin furanni ne. A nan ne ake buɗe lambun Keukenhof da ke garin Lisse na kimanin mako takwas, inda ake shuka ƙwayar fure wajen miliyan 7 kowace shekara. Sai dai ranar 27 ga Afrilu ranar bikin haihuwar sarki ce, gari yakan cika maƙil da mutane sanye da tufafi ruwan lemo, masauki ya yi tsada. Yuli da Agusta su ne masu ɗumi, su ne kuma masu cunkoso. Wanda yake son sauƙin kuɗi da sauƙin jama'a ya nufi Satumba ko Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne wanda hunturun Jos bai kai shi ba, ga iska mai shiga ƙashi.

Ruwan sama ba shi da damina a can, kowane wata yana iya sauka, saboda haka rigar ruwa da takalmi mai rufi ba a barin su a gida. Masallaci ya lura da rana: a ƙarshen Yuni ba ta faɗuwa sai ƙarfe goma na dare, lisha ta kusa tsakar dare, asuba kuma ta yi sammako ƙwarai, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu da rabi na yamma an yi magariba. Mai tafiya cikin azumi ya duba wannan tun da wuri. Agogonsu daidai yake da na Nijeriya lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa ɗaya.

ABIN DA BA A SA WA A JAKA

Al'adar matafiyi ce ya ɗauki guzuri da tsaraba, amma dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da madara daga waje. Watau kilishi da dambun nama da man shanu da cuku duk 'yan kwastan za su karɓe su, wani lokaci har da tara. Ɗanyun 'ya'yan itace da ganye ma sai da takardar shaida, amma dabino yana cikin 'yan kaɗan da aka yafe. Wanda ya ɗauko kuɗi a hannu da suka kai yuro 10,000 tilas ne ya bayyana su. Kada kuma mutum ya karɓi saƙon da bai ga cikinsa ba, ko da daga hannun ɗan garinsu ne.

Abubuwa biyu ƙanana da sukan ba baƙo wahala: kan filoginsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, ba irin na Nijeriya mai ƙafa uku ba, kuma ba a ajiye buta a bayan gida, sai mutum ya tanadi 'yar gorar ruwa.

MASAUKI DA KUƊI

Amstadam tana cikin biranen Turai masu tsadar kwana. Tun 2024 hukumar birnin take karɓar harajin baƙi na kashi 12.5 cikin 100 a kan kuɗin ɗaki, don haka a tambaya ko an haɗa shi cikin farashin da aka faɗa. Ƙananan otal-otal na bakin ruwa suna da kyan gani, amma gidajen matsattsu ne, matakalarsu a miƙe take kamar tsani, da yawa kuma ba su da na'urar hawa bene. Shi ya sa za a ga ƙugiya a ƙolin kowane tsohon gida, da ita ake jan kaya a shigar ta taga. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya nemi sabon gini a unguwannin gefe kusa da tasha, irin su Sloterdijk ko Zuid ko Amstel, inda ɗaki ya fi faɗi, kuɗi ya fi sauƙi, minti goma ko sha biyar kuma ya kai mutum tsakiyar gari.

Kuɗinsu yuro ne tun 2002. Amma birnin ya kusa barin tsabar kuɗi: shaguna da yawa kati kawai suke karɓa, wasu kuma ba sa karɓar manyan takardun kuɗi. Kafin a tashi a tabbatar a banki cewa katin yana aiki a ƙasar waje. Ruwan famfonsu mai kyau ne, ba sai an sayi na kwalba ba.

DAGA FILIN JIRGI ZUWA GARI

Filin jirgin Schiphol yana kwance ne a wurin da a da tafki ne, kimanin mita 3 ƙasa da bakin teku. Tun watan Oktoba na 2025 aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a kan iyakokin Shengen. Biza ba ta hana tambaya ba, saboda haka a riƙe takardun masauki da na dawowa a hannu, kada a sa su cikin akwati. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin, minti 15 zuwa 20 ne zuwa babbar tasha ta Centraal. Wanda ya fi son tasi ya bi allo zuwa layinsu. Tasi na gaskiya lambarsa shuɗiya ce, kuma ba ya bin mutane yana kira kamar ɗan kamasho a tashar Ojota.

A cikin gari akwai taram, watau ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titi, da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas. Ba a biya da tsabar kuɗi. Ana dangwala kati a na'ura in an shiga, a kuma sake dangwalawa in za a fita. Wanda ya manta na biyun za a cire masa fiye da kima. Jiragen fito da ke bayan tashar Centraal kyauta ne.

Sa'an nan sai keke. Kowa yana hawa, attajiri da talaka, tsohuwa da ɗan makaranta, har a 2023 aka buɗe ma'ajiyar kekuna 7,000 a ƙarƙashin ruwa gaban babbar tasha. Jan titin da ke gefen hanya nasu ne, kuma ba sa tsayawa. Wanda ya iya tsallake titi tsakanin 'yan acaɓa a Oshodi kada ya ɗauka ya ƙware, domin keke ba shi da ƙara.

YADDA ZA A RABA KWANAKIN

Rana ta farko, da yake an kwana a jirgi, kada a matsa wa jiki. A taka daga Centraal, ginin da aka buɗe a 1889, zuwa dandalin Dam, sa'an nan a shiga kwalekwalen yawo na awa guda a ga birnin daga ruwa. Da la'asar sai gidan Anne Frank a Prinsengracht. Yarinya ce Bayahudiya da ta ɓuya tare da iyayenta da wasu mutane a wasu ɗakuna bayan kantar littattafai daga 1942 zuwa 1944, lokacin da sojan Hitila suka mamaye ƙasar. An kama su, ta rasu a sansanin Bergen-Belsen a 1945 tana da shekara 15. Mahaifinta ne kaɗai ya tsira, shi ya buga littafin da ta riƙa rubutawa a ɓoye. Ba a sayar da tikitin gidan a ƙofa, sai ta intanet, kuma ana fitar da shi ne saura mako shida, nan da nan ya ƙare.

Rana ta biyu ta gidajen tarihi ce. Rijksmuseum, wanda aka buɗe a 1885, shi ne babba, a nan ne shahararren zanen da Rembrandt ya yi a 1642 yake, faɗinsa ya fi mita 4. Akwai kuma jiragen ruwa na gwaji da makamai da kayan fatauci na zamanin da Holan take mulkin teku. Kusa da shi akwai gidan zanen Van Gogh, wanda shi ma sai an sayi tikiti ta intanet an zaɓi lokaci. Wanda ya zaɓi ƙarfe goma ya zo ƙarfe goma. Daga nan tafiyar minti kaɗan ce zuwa kasuwar Albert Cuyp, wadda take ci tun 1905, kowace rana ban da Lahadi.

Rana ta uku ita ce za ta fi taɓa zuciyar ɗan Afirka. Kyawawan gidajen nan na bakin ruwa ba da cinikin cuku kaɗai aka gina su ba. Kamfanin Holan na fatauci a yamma, wanda aka kafa a 1621, ya ƙwace gidan yarin bayi na Elmina da ke Gana daga hannun Turawan Fotugal a 1637, kuma jiragen Holan sun kwashi 'yan Afirka kimanin 600,000 zuwa ƙetaren teku. Ba a haramta bauta a Suriname ba sai ranar 1 ga Yuli, 1863. A lambun Oosterpark akwai wurin tunawa da bayin nan, kuma a gabansa ne Sarki Willem-Alexander ya nemi gafara a 2023. A 2025 kuma Holan ta mayar wa Nijeriya kayan tagulla 119 na masarautar Bini.

Daga can sai a shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Bijlmer, unguwar da 'yan Suriname da Gana da Nijeriya suka fi yawa, inda ake samun doya da gari da manja. A nan filin ƙwallon Ajax yake, ƙungiyar da Nwankwo Kanu da Finidi George suka ci kofin Turai da ita a 1995, wadda kuma Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, ya koma a 1996. Mai rarar yini ya je Zaanse Schans ya ga injinan niƙa masu aiki da iska. A wannan yanki ne ake sarrafa kokon da ake saukewa a tashar ruwan Amstadam, wadda ta fi kowace a duniya karɓar koko, har da na Nijeriya. Mai neman asalin atamfa kuwa ya sani ma'aikatar Vlisco, wadda aka kafa a 1846, ba a Amstadam take ba, tana garin Helmond can kudancin ƙasar.

ABINCI DA SALLA

Musulmi ba zai sha wahala ba, domin akwai Turkawa da Marokawa da 'yan Suriname masu yawa, da mahautansu da gidajen abincinsu, musamman a titin Javastraat da kasuwar Dapper da unguwannin yamma. A sauran wurare a riƙa karanta takardar abinci: varken alade ne, haka ham da spek, kip kaza ce, vis kifi, rund naman sa. Kusan kowa yana jin Ingilishi, kuma matambayi ba ya ɓata.

Masallatai suna nan da dama. Akwai Westermoskee da aka buɗe a 2016, mai hasumiya mita 42; akwai masallacin Fatih a Rozengracht, wanda a da coci ne; akwai Taibah a Bijlmer. Alƙibla a can kudu maso gabas take.

INDA AKE TAKA SAWU A HANKALI

Wurin da aka rubuta coffeeshop ba gidan shayi ba ne, wiwi ake sayarwa a ciki, har da wanda ake cuɗawa a kek. Hukuma tana kau da kai ga ɗan kaɗan, amma tun 2023 an hana shan sa a titi a tsohon gari, tarar yuro 100 ce. Fita da shi daga ƙasar kuwa babban laifi ne a can da nan gida. Mai son shayi ko kofi ya nemi inda aka rubuta café. Haka kuma unguwar De Wallen, wadda ke gabas da hanyar Centraal zuwa Dam, unguwar mata masu zaman kansu ce, mai tafe da iyali ya san da ita don kada ya faɗa ciki bai sani ba.

'Yan sane suna aiki a tasha da cikin taram. Akwai kuma masu shigar burtu su ce su 'yan sanda ne, su nemi duba kuɗin baƙo. Ɗan sanda na gaskiya ba ya ƙirga kuɗin mutum a titi. Doka ta ce duk wanda ya kai shekara 14 ya riƙa yawo da shaidar ko shi wane ne. Lambar neman agaji ita ce 112.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka, shi ne ranar dawowa. Za a sami masu cewa a zauna, ai ana samu. Wanda ya wuce kwanakin bizarsa ya zama mai ɓuya, ba aikin kirki, ba sukuni, in an kama shi a koro shi a kuma hana shi komawa, bayan ya ƙara toshe ƙofa ga 'yan'uwansa masu nema a baya. Wanda kuwa ya je ya gani ya dawo a kan lokaci, biza ta gaba takan zo masa da sauƙi, ya kuma sami labarin da zai bayar a zaure. Gani ya kori ji. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya.